Sunana a Bakin Inna

Edita, ina gaisuwa da fatan alheri. Ina roƙon a ɓoye sunana, kodayake duk wanda ya karanta labarin nan har ƙarshe zai ga abin dariya ne mutum irina ya nemi a ɓoye masa suna.

Lokacin da abin ya faru ina saurayi ne, na ɗan haura shekara talatin, ina aiki a wani kamfanin tura kaya da ke Al Quoz a nan Dubai. Lantarki na karanta a gida, amma da na zo sai na tsinci kaina ina lura da lodin kwantena na 'yan kasuwarmu na Kano. Wannan shi ne aikin da mutanen gida suka sani. Ɗaya aikin, wanda ya fi cin zuciyata, shi ne haɗa wani irin kiɗa da ake kira tekno. Kiɗa ne na na'ura, ba mawaƙi a ciki, ba a wasa kowa, bugu ɗaya ne ke ta maimaita kansa, sai a riƙa sako masa ƙananan sauti ana janyewa a hankali. Wanda bai saba ba zai rantse injin markaɗe ne ya samu matsala. Ba a sa irinsa a rediyo, kuma masu sonsa 'yan kaɗan ne, kusan duk mun san juna.

Tun ina yaro Allah ya yi ni da kunnen son jin ƙwaƙwaf. Ba zancen mutane nake bi ba, sautin abubuwa ne yake ɗauke mini hankali. Ina son in san dalilin da ya sa ƙofar wannan sito take kuka daban da ta wancan, da abin da ya sa salatif yake canza murya idan an ja shi a kan kwali mai kaya da kuma kan kwali fanko. Kullum da 'yar na'urar ɗaukar sauti a aljihuna. Na ɗauki ƙugin motar ɗaga kaya, na ɗauki karon ƙarafa a gareji, ranar hutu kuma in hau mota in tafi Hatta, wani ƙauye mai duwatsu a wajen birni, in tsuguna a bakin magudanar ruwan gonaki ina naɗar kwararar ruwa, masu yawon buɗe ido suna kallona kamar wanda ya zautu. Da waɗannan sautuka nake gina kiɗana. A hankali ni da wani abokina ɗan Labanon muka kama saman wani sito, muka lulluɓe bangon da soso, muka kafa ɗan kamfaninmu na fitar da faifai. Irin baƙin faifan nan ne na garmaho, wanda mutanenmu suke zaton ya mutu tun zamanin kakanni. Muna aika sautin Turai a buga mana kaɗan, mu sayar wa waɗanda suka san darajarsa. Ba riba muke samu ba, amma ba wanda yake gaya mana abin da za mu fitar, kuma wannan ya ishe mu.

Sai dai akwai sauti ɗaya da na girma ban taɓa ji ba, shi ne sunana a bakin mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe alkunyar ɗan fari da gaske. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata, sai da na kusa gama firamare na dawo. Ko bayan na dawo ba ta kallona ido cikin ido idan da mutane. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena su kira mata yayansu, in kuma ni da ita ne kawai sai ta ce kai. Ko wani ne daban yake da suna irin nawa, sai ta kewaye ta ce mai sunan wancan. Ban taɓa shakkar tana sona ba, domin naman da ya fi girma a kwanona yake ɓuya, a ƙarƙashin tuwo. Amma tambayar ta zauna mini a rai shekara da shekaru: shin a cikin zuciyarta ma kai take ce mini, ko kuwa tana faɗin sunan? Idan ta faɗa, yaya yake fita? Tana jan ƙarshensa, ko tana datse shi? Mutumin da ya san muryar kowace ƙofa a Al Quoz bai san wannan ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Ko a waya, in na kira gida, gaisuwa ce gajera, ta sa mini albarka ta miƙa wa ƙanwata.

Ƙanwar tawa ita ce take zaune da Inna tun rasuwar mahaifinmu, tana koyarwa a wata makaranta kusa da gida. Da na gaji da sautin ƙarfe da inji, sai na roƙe ta ta riƙa ɗauko mini sautin gida da wayarta. Ta yi mini dariya son ranta, ta ce mutane suna aiko wa 'yan'uwansu turare daga Dubai, ni kuma kukan kaji nake so a aiko mini. Amma ta yi. Ta turo mini ƙarar keken ɗinki, da tafasar tukunya, da shara a tsakar gida. Wata rana na ce ina son daka, domin Inna ba ta yarda a kai mata yaji inji, da hannunta take dakawa kullum da hantsi, ta ce na inji ba ya ƙamshi. Ƙanwata ta kunna wayar ta ajiye a kan taga kusa da turmi, ta fita makaranta kai wasu takardu, ta dawo ta turo mini ba tare da ta saurara ba. Inna ba ta san da wayar a wurin ba.

Ranar Lahadi da safe na buɗe shi a ɗakin aikinmu, ina shan shayi. Da farko taɓarya ce kawai, tana sauka daidai ba ta kuskure, har na fara lissafin saurinta a raina, na ga ya yi daidai da saurin kiɗan da nake yi. Can sai na ji ƙofar gida ta rufe, sannan murya ta taso ƙasa-ƙasa. Inna ce take waƙa. Ban taɓa sanin tana waƙa ba. Ba waƙar da na sani ba ce, da alama ita ta ƙirƙiri abarta, tana ɗora kalmomi a kan bugun taɓarya. Tana tambaya ko wanda yake ƙasar mutane ya ci abinci, ko zafin can bai dafa shi ba, tana roƙon Allah ya raba shi da mugun aboki. Sai ta kira sunana. Ta kira shi cikakke, ta ja ƙarshensa, muryarta ta ɗan karye a tsakiya. Na ajiye kofin don kada ya suɓuce. Na mayar baya na sake ji, na sake, har rana ta take, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan rubuto. Amma hannun mai sana'a ba ya zama. Na ce bari in gwada in ji yadda zai zauna, don kaina kawai. Na yanko bugun taɓaryar na mayar da shi ƙashin bayan kiɗan, na yanko inda ta kira sunan na sa yana dawowa, yana dawowa. Abin da ta faɗa sau ɗaya a ɓoye, na sa na'ura tana faɗa ba iyaka. Abokina ya shigo ya tarar ina ji, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba. Bai san Hausa ba, amma da na kashe sai ya ce duk abin da muka fitar a baya share fage ne, wannan shi ne faifan da za a tuna mu da shi. Na ba shi labarin al'adar, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai wannan ita ce babbar kyautar da ɗa zai yi wa uwarsa, duniya ta ji irin son da take masa. Maganar ta yi mini daɗi domin abin da nake son ji ke nan. Na gaya wa kaina cewa faifan kaɗan za a buga, masu sayensa Turawa ne da Larabawa, ba mai jin abin da take faɗa, kuma tsakanin sitonmu da tsakar gidan Inna akwai teku da hamada.

Mutum ɗaya ne ya ja mini kunne. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, dattijo, da yake turo yadi ta kamfaninmu, kuma yana ɗaukata kamar ɗansa. Ya zo duba kayansa ya tarar da ni da abin ji a kunne ina gyaɗa kai, ya ce in ba shi ya ji abin da ya hana ni amsa sallama. Na ba shi ina jiran wa'azi. Ya saurara, fuskarsa ta canza, ya tambaye ni muryar wace ce. Da na faɗa masa, na kuma ce ni ne na fari, sai ya cire abin jin ya miƙo mini. Ni kuwa na riga na shirya hujjojina a kan halascin kiɗa, na fara zuba su. Ya ɗaga mini hannu.

"Khalas, ya isa haka, ɗana, ba wannan nake tambaya ba. Kiɗanka tsakaninka da Ubangijinka ne. Ita baiwar Allahn nan, ta san an ɗauka?"

Na ce ba ta sani ba, amma ai ba abin kunya ta faɗa ba, addu'a ce. Ya ce in dai kira ta in tambaya kafin in yi gaba, ya tafi wajen kwantenarsa. Ban kira ba. Na san amsar da za ta ba ni, shi ya sa ban tambaya ba, na kuma yi wa kaina bayanin cewa Alhaji mutumin da ne, bai fahimci fasaha ba.

Faifan ya fito, kuma ya karɓu fiye da duk abin da muka taɓa yi. Mutane daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna rubuto mana suna neman ƙari. Karo na farko da na sa shi a gaban jama'a a wani taron yamma ne da muka shirya a sitonmu. Da muryar ta shigo sai na ga mutane sun lumshe ido, wasu suna motsa baki suna kwaikwayon sunan ba tare da sun san suna ba ne. Na tsaya a bayan na'ura ina mamakin yadda yajin Inna ya tara ƙabilu haka a wuri ɗaya. Ban lura da wasu ɗalibai 'yan Arewa biyu da suka zo kallo ba, ɗaya yana ɗauka da waya. Shi ma ba mugunta ya nufa ba, murna ce ta kama shi da ya ji Hausa a inda bai zata ba. Ya ɗora a intanet, yaran gida suka gani, suka yanki wajen kiran sunan suna rawa da shi. Kafin wata ya zagayo, abin da na rantse ba zai ƙetare teku ba ya shiga wayar masu sayar da kati a bakin layinmu.

Ina Hatta ranar da ƙanwata ta kira, na kafa na'urata a gefen dam ina jiran iska ta lafa. Muryarta kawai na ji na san ba lafiya. Ta ce an yi yinin bikin 'yar maƙwabtanmu, Inna tana zaune cikin manyan mata, sai mai sa kiɗa ya saki wannan. Tun bugun farko wasu suka fara kallon juna, domin duk unguwar an san hannun Inna a turmi. Da muryar ta fito kuwa sai wuri ya kaure da shewa. Ƙannen mahaifina mata, waɗanda dama abokan wasanta ne, suka taso mata da tsiya, suna cewa ashe duk kawar da kan nan na shekara talatin na ganin ido ne, ashe a bayan turmi ana kiran ɗan fari har da jan suna. Ba da ƙeta suka yi ba, wasa ne irin nasu. Amma na'ura tana ta maimaita sunan a lasifika, yara suna amsawa, ita kuma tana zaune a tsakiya. Ƙanwata ta ce Inna miƙewa kawai ta yi. Ta gyara mayafinta, ta nemi takalmanta, ta taka har gida ita kaɗai. Ta tambayi ƙanwata abu ɗaya kawai, ko ita ta ajiye waya, sannan ta shiga ɗaki.

Na kira ta a ranar, ta amsa gaisuwata kamar kullum, ta sa mini albarka kamar kullum, ta miƙa wayar. Wannan ya fi zagi ciwo. Na gaya wa abokina mu janye faifan, muka yi ta cacar baki, yana cewa habibi, kwana biyu za ta huce, iyaye haka suke. A ƙarshe ya yarda don ya ga ba zan sauko ba. Muka cire shi daga inda muke da iko, muka hana sake bugawa, sauran kwafin na zuba a kwali na tura ƙarƙashin tebur. Amma waɗanda aka saya sun tafi, na wayoyin mutane kuma ba mai iya kiran su su dawo.

Da hutuna ya zo na tafi gida. Na same ta bayan la'asar a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya da mutanen can, idonta a kan wake. Na fara ba da haƙuri, ina ta kame-kame, ina cewa don in girmama ta na yi, don duniya ta san irin uwar da Allah ya ba ni. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini.

"Kai, ai ba da kai nake ba. Ba da duniya nake ba. Da Allah nake, shi ya sa nake bari sai gida ya watse. Na yafe maka, tashi ka ci abinci."

Har a wannan hali son sanin nan nawa bai bar ni ba. Na tambaye ta a hankali tun yaushe take yin waƙar. Na zaci ba za ta amsa ba. Ta ture wani tsakuwa gefe da ɗan yatsa, ta ce tun ranar da aka ɗauke ni aka kai gidan kakata. Na tashi zan shiga ɗaki, idona ya faɗa kan turmin. An kife shi a lungun bango, taɓaryar tana jingine, kaza ta hau kai ta kwanta. Daga baya ƙanwata ta gaya mini tun ranar bikin Inna take ba da yajinta a kai inji, kuma ko gida ya watse, in ita ƙanwar tawa ta dawo ba zato, shiru take tararwa. Ta ce yanzu Inna in za ta zauna a wuri sai ta ɗaga kai ta duba taga.

Na dawo Dubai na ci gaba da aikina, kamfaninmu ma yana nan, muna fitar da faifan wasu matasa. Amma duk wanda ya kawo mini kiɗa mai muryar mutum a ciki, kafin in saurari ko bugu ɗaya sai na tambaye shi muryar wane ne, kuma mai ita ya sani ko bai sani ba. Wasu suna ganin na cika tsanani. Alhajin nan da muka haɗu bai ce ai na gaya maka ba, ya dafa kafaɗata kawai ya tambayi lafiyar Inna.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da kunne ya tsinta ne mallakin mai kunnen ba. Na ɗauka kunyar Inna wani bango ne da ya tsare soyayyarta, ni kuma na zo in rushe shi in 'yantar da ita. Ashe a cikin kunyar take ajiye soyayyar, kamar yadda take ɓoye mini nama a ƙarƙashin tuwo. Ina kira ga 'yan'uwana masu harkar sauti da hoto, da ma duk mai waya a hannu, musamman mu da muke zaune a waje muna kewar gida: kafin ka ɗauki muryar tsohuwarka ko hotonta ka nuna wa duniya, ka tambaye ta. Idan ka ji kana tsoron tambaya don ka san za ta ƙi, to ka riga ka samu amsarka. Kada yabon baƙi ya ruɗe ka, su za su tafa su wuce, ita ce za ta ci gaba da zama a unguwar.

Har yanzu sautin farko yana cikin na'urata, wanda ban taɓa ba, mai ƙarar rufe ƙofa da kukan kaji. Ba na buɗe shi, kuma na kasa gogewa. Na shafe rayuwata ina son in san ko Inna tana faɗin sunana, ashe kullum tana faɗa, tun da aka yaye ni, ba ta taɓa fashi ba sai da na sa hannu. Idan aka kira azahar a Al Quoz, hantsi ne a gidanmu, lokacin daka. Nakan tsaya a tsakiyar kwalaye in kasa kunne ba tare da na shirya ba, sannan in tuna cewa a wannan sa'ar yanzu ba mai kirana.